Fari a Ingila: Me ya haɗa tsuntsun bayan gidan Bature da daminar Sahel?

A ranar 12 ga watan Agustan 2022, hukumar kula da muhalli ta Ingila ta ayyana cewa an shiga fari a yankuna takwas daga cikin 14 na ƙasar. Ga wanda ya san Ingila da yayyafi ba dare ba rana, labarin ya yi kama da almara. Amma watan Yulin shekarar shi ne mafi ƙarancin ruwan sama tun 1935, kuma a ranar 19 ga watan ne ma'aunin zafi ya kai 40.3 a ƙauyen Coningsby, karon farko da zafi ya haura 40 a tarihin Birtaniya.

Mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai yi murmushi, domin a watan Afrilu idan ma'auni ya tsaya a 40 cewa ake yau da sauƙi. Sai dai gidajen can an gina su ne don su riƙe ɗumi, kuma ƙasar, da tsirranta da dabbobinta, duk sun saba da laima.

Bayan shekara uku abin ya sake dawowa. Watannin Maris zuwa Mayun 2025 su ne mafi bushewa da Ingila ta gani tun 1893. Kafin ƙarshen Mayu an ayyana fari a arewa maso yammacin ƙasar, a watan Yuni aka ayyana a Yorkshire, daga baya hukumar hasashen yanayi ta ce lokacin zafin shekarar, wato Yuni zuwa Agusta, shi ne mafi zafi tun da aka fara ajiye bayanai.

Duk lokacin da aka shiga wannan hali, abu biyu ne ke cika kafafen yaɗa labaran ƙasar: dokar hana amfani da tiyo, da kuma kiraye-kirayen a ajiye wa tsuntsaye ruwa a bayan gida. Na biyun ne mutanenmu za su kira aikin wanda ya ƙoshi. Amma ta cikinsa ne labarin ya ratso Sahara ya biyo ta Nguru da Tafkin Chadi.

Dokar tiyo

Abin da dokar ke cewa ba shi da wuyar fahimta. Kada magidanci ya jona tiyo a famfo ya yi ban-ruwan furanni ko ciyawar ado, kada ya wanke mota da shi, kada ya cika kwamin wanka na yara. Wanda aka kama zai iya biyan tarar da ta kai fam 1,000. Bokiti da butar ban-ruwa ba a hana su ba. Kamfanin Thames Water, mai ba Landan da kewaye ruwa, ya sanya wa mutum miliyan 10 dokar daga 24 ga Agustan 2022. A 2025 kamfanin Yorkshire Water ne ya fara, a ranar 11 ga Yuli.

Dalilin da ya sa aka ware tiyo shi ne yana iya zubar da lita 1,000 a cikin awa ɗaya. A lissafin 'yan ga-ruwa, jarka 40 ke nan mai cin lita 25. Ko ba tiyo ma, mutum ɗaya a Ingila na amfani da kimanin lita 140 a rana, fiye da jarka biyar da rabi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum zai rayu da shi cikin tsafta.

To me ya sa mutane ke fusata da dokar? Saboda yoyo. Bututan kamfanonin ruwa na Ingila da Wales na zubar da kusan lita biliyan uku a kowace rana kafin ruwan ya isa gidan kowa, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka tace. Jarka miliyan 120 ke nan kullum. A 2022, na Thames Water kaɗai ya kai kusan rubu'in ruwan da yake turawa. An sayar wa 'yan kasuwa kamfanonin ne a 1989, zamanin Margaret Thatcher, kuma tun da aka buɗe madatsar Carsington a 1992 aka shafe sama da shekara 30 ba a kammala wata babbar ma'ajiyar ruwa ba, alhali jama'a sai ƙaruwa suke yi.

Don haka idan aka ce wa tsohuwa ta bar tumatirinta ya bushe, ita kuma tana kallon ruwa na malala a titi daga fasasshen bututu kwana da kwanaki, ba ta yi laifi ba idan ta ce an bar jaki ana dukan taiki. Dokar tana rage amfani da ruwa, wannan gaskiya ne. Amma ita ce matakin da ya fi araha ga kamfani, shi ya sa ake saurin ɗaukarta.

Dattawan ƙasar sun ga abin da ya fi wannan. A farin 1976 an yanke ruwan gidaje a wasu yankuna, aka kafa famfunan titi, Turawa suka yi layi da bokitai. Har minista aka naɗa na musamman kan fari, Denis Howell, kuma kwanaki kaɗan da naɗa shi aka tsuge da ruwa. Wannan layin bokitin da suke ba jikokinsu labari a matsayin abin tarihi, shi ne safiyar kowace rana a unguwanni da dama na Kano da Gusau da Damagaram.

Abin da fari ke yi wa tsuntsu

Tsuntsu ba ya gumi. Zafin jikinsa kuma dama yana tsakanin 40 zuwa 42, saboda haka tazarar da ke tsakaninsa da halaka ba ta da yawa. Idan rana ta take, sai ya buɗe baki yana haki, ya saki fukafukai, kamar yadda muke ganin kaji na yi a inuwar katanga. Hakin yana sanyaya shi, amma da ruwan jikinsa yake biya. Ƙaramin tsuntsu ba shi da ajiyar da za ta kai shi nesa.

Ƙishirwa ita ce ake gani. Wadda ba a gani ita ce yunwa. Akwai wani baƙin tsuntsu mai ruwan ɗorawan baki da ba a rasa shi a lambunan Ingila, wanda tana ce babban abincin da yake ciyar da 'ya'yansa. Idan ƙasa ta bushe ta yi tauri, tanar sai ta nutse can ƙasa inda baki ba ya kaiwa. Iyayen za su iya rage zafi da 'ya'yan itace, amma jariran da ke cikin sheƙa ba sa shan ruwa, daga jikin tsutsa da ƙwarin da ake kawo musu suke samun laima. Idan babu tsutsa, babu abinci kuma babu ruwa.

Su kuwa dangin tsattsewa masu gina sheƙa da laka, matsalarsu ta magina ce. Sai sun ɗebo taɓo da baki sau ɗaruruwa kafin ɗaki ya tashi. Idan kududdufai sun ƙafe a watan Mayu, lokacin da suka iso daga Afirka, babu kayan gini. Shi ya sa a cikin shawarwarin da ƙungiyoyin kare tsuntsaye ke bayarwa har da cewa a jiƙa wani ɗan lungu na lambu a bar shi ya zama caɓi.

Zafin kansa ma yana kisa kai tsaye. A watan Yunin 2022, an riƙa tsintar 'ya'yan tsattsewa birjik a titunan Seville da Cordoba na ƙasar Sifaniya. Sheƙunansu na cikin ramukan gine-gine ne da ƙarƙashin rufi, wurin ya zama tanda, suka yi ta faɗowa tun fukafukansu ba su yi ƙwari ba.

Dabarun da magidanta ke bi a can ba baƙi ba ne a wurin matan ƙasar Hausa: a tara ruwan wanke kayan miya a zuba wa shuka, a yi ban-ruwa da asuba ko bayan faɗuwar rana, a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, a tari ruwan indararo a cikin duro. Bambancin shi ne su sai an buga musu a jarida.

Kaskon ruwa ma na kisa

A nan ne alheri ke iya komawa sharri. A 2005 aka fara ganin wata cuta a tsakanin ƙananan tsuntsaye masu cin hatsi a Birtaniya. Wata ƙwayar cuta ce da aka daɗe da saninta a jikin tattabaru da kurciyoyi, tana kumbura maƙogwaro har tsuntsu ya kasa haɗiya. Wanda ya kamu yakan yi ta ƙoƙarin ci da sha, abin yana dawowa, wanda ya zo bayansa ya ɗauka.

Ina ake haɗuwa? A wurin da mutane ke zuba musu abinci da ruwa. Wani koren tsuntsu dangin kanari, da a da ba a ƙirga shi cikin masu matsala, ya ragu da fiye da rabi, har a 2021 aka sanya shi cikin jerin tsuntsayen da suka fi shiga haɗari a ƙasar. A farkon 2025 ƙungiyar RSPB, wadda ita ce babbar ƙungiyar kare tsuntsaye a Birtaniya, ta dakatar da sayar da faifan zuba wa tsuntsaye abinci mai shimfiɗaɗɗen ciki, saboda zargin yana taimaka wa cutar yaɗuwa.

Fari na ƙara tsananta wannan haɗari, domin idan wuraren sha goma suka koma ɗaya, kowa a nan zai sa baki. Saboda haka shawarar ba ta tsaya a "ajiye ruwa" ba. Sai an zubar da na jiya, an wanke kaskon, an bar shi ya bushe, an zuba sabo. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, gara ya bari.

Awa ɗaya a shekara

Kafin a ce wani tsuntsu ya ragu da rabi, sai an san nawa ne a da. Wannan shi ne ainihin abin da kallon tsuntsaye a bayan gida ya samar wa Birtaniya, kuma shi ne ɓangaren da ba a cika lura da shi daga nesa ba.

A 1979 ƙungiyar RSPB ta haɗa kai da wani shirin yara na talabijin ɗin BBC, aka ce yara su ƙirga tsuntsayen da suka sauka a gidajensu. Abin ya ɗore har yau. A ƙarshen makon ƙarshe na kowane Janairu, mutum zai zauna awa ɗaya, ya rubuta mafi yawan adadin da ya gani a lokaci guda na kowane iri, ya aika. Fiye da mutum rabin miliyan ke shiga a shekara, a 2021 kuwa, lokacin kullen korona, sun haura miliyan ɗaya.

Ƙirgar mutum ɗaya ba ta da wani amfani. Wani ba ya gani sosai, wani ya rikita wannan da wancan. Amma idan mutum dubu ɗari biyar suka yi abu iri ɗaya, a lokaci ɗaya, shekara 40 a jere, kurakuran sai su narke, a ga inda aka dosa. Ta haka aka ga cewa gwara, wadda har yanzu ita ce ta ɗaya a yawa, ta ragu da fiye da rabi a lambuna tun 1979.

Ƙirgar Janairu tana da iyaka. Ana yin ta ne a tsakiyar hunturu, don haka ba ta ganin fari, ba ta kuma ganin tsuntsayen da a lokacin suna Afirka. Wannan giɓin wata ƙungiyar bincike ce mai suna BTO ke cike shi. Tun 1995 tana da dubban masu sa kai da ke aiko da lissafin lambunansu kowane mako, rani da damina, ban da waɗanda ke zagaya gonaki da dazuzzuka a lokacin ƙyanƙyasa. Waɗannan na biyun ne suka taɓa cin karo da farin ƙasarmu ba tare da sun sani ba.

Shekarar da mai farin wuya bai koma ba

Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da Turawa ke kira whitethroat. Nauyinsa kimanin giram 15 ne, kamar ƙwayar sukari huɗu. Yana ƙyanƙyasa a shingayen gonakin Turai, idan sanyi ya ƙarato sai ya ƙetare teku da Sahara ya sauka a Sahel, ya yi rani tare da mu, a watan Afrilu ya juya.

A 1968 yana cikin tsuntsayen da suka fi yawa a karkarar Birtaniya. A 1969, masu sa kan da ke ƙirga wa BTO tun 1962 suka fita kamar kullum, suka tarar shingaye shiru. Fiye da kashi biyu cikin uku ba su dawo ba. Babu abin da ya canja a gonakin Ingila cikin shekara ɗaya da zai yi wannan ɓarna. Aka yi ta laluben dalili, sai a 1974 wasu masana uku, Winstanley da Spencer da Williamson, suka fitar da binciken da ya ɗora alhakin a kan ƙarancin ruwan daminar 1968 a Sahel.

Daminar 1968 ita ce mafarin farin da ya kai ga yunwar 1973, wadda ta ci dubban mutane da miliyoyin dabbobi daga Senegal zuwa Chadi. Ke nan alamar ta bayyana a littattafan masu ƙirgar tsuntsaye shekara huɗu kafin hotunan yunwar su cika jaridun Turai, sai dai ba wanda ya iya karanta ta a lokacin. Da fari ya sake dawowa a 1983 da 1984, wani dangin tsattsewa mai haƙa rami a gaɓar kogi ya sake yin irin wannan faɗuwar. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a 1963, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan a tsakiyar shekarun 1980.

Yadda abin ke faruwa shi ne, kafin tsuntsun ya tunkari Sahara sai ya tara kitse, domin kitsen ne man da zai kai shi. Masu binciken da suka yi aiki a Malam Fatori da ke gaɓar Tafkin Chadi a shekarun 1960 sun tarar cewa 'ya'yan itacen asuwaki na cikin abin da yake ƙiba da su. Itacen da muke goge baki da saiwarsa, shi ne gidan man tsuntsun Turai. Idan damina ta gaza, ƙwari sun yi ƙaranci, itatuwa ba su yi 'ya'ya ba, zai tashi da rabin tanki, ya faɗi a hamada.

Akasarin na Birtaniya yammacin Sahel suke nufa, wajen Senegal da Mali. Waɗanda ke sauka a Nguru da Tafkin Chadi sun fi fitowa daga wasu sassan Turai. Amma daminar ɗaya ce, idan ta gaza a Kayes da wuya ta yi kyau a Gashuwa.

A lura da yadda kalandar take. Lokacin zafin Ingila, Yuni zuwa Agusta, shi ne daminarmu. Lokacin da tsuntsun yake wurinmu kuwa, rani ne da bazara. A da, Turai ce wurin hutawa mai laima, Sahel ce wurin jarrabawa. Idan shekaru irin 2022 da 2025 suka zama ruwan dare, to jarrabawar ta zama biyu.

Ba duka laifin Sahel ba ne

Akwai masu saurin cewa duk tsuntsun Turai da ya ragu, a Afirka aka kashe shi. Labarin wata ƙaramar kurciya mai ƙaura ya ƙaryata wannan. Ita ma a Sahel take rani, kuma ta ragu da kusan kashi 98 cikin 100 a Birtaniya tun shekarun 1970. Bincike ya nuna babban dalilin yana gida: noman zamani da maganin feshi sun kawar da ciyayin da take cin ƙwayoyinsu, an kuma cike kududdufan gonaki. Mai cin busasshen hatsi kuwa dole ya sha ruwa kullum.

Sannan ga mafarauta a kan hanya. Da Faransa da Sifaniya da Portugal suka dakatar da harbinta daga 2021, cikin 'yan shekaru adadinta a yammacin Turai ya fara farfaɗowa. Ba a sauke ko ɗigon ruwa ɗaya a Mali ba kafin a samu wannan sakamako.

A namu tsakar gidan

Ba Bature ne ya koya wa Bahaushe kallon tsuntsu ba. Manomi ya san isowar shamuwa na nufin a gyara garma, shi ya sa take sheƙa a tsakiyar gari ba mai taɓa ta. Yara sun san baiwar Allah da ke tsince tsaba a gindin turmi, sun san hasbiya da cilakowa da tsirya. Duk wanda ya zauna a harabar masallaci da azahar a watan Afrilu ya ga yadda kurciyoyi ke jiran a gama alwala. Labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare kuwa, tun a makarantar allo ake jin sa.

Abin da ba mu da shi shi ne rubutu. Kowa a Arewa zai gaya maka ungulu ta ɓace daga kasuwa da mayanka. A 2015 an sanya irin wadda muka saba gani a cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Amma a wace shekara ta fara raguwa a Kano, da kashi nawa, daga wace unguwa? Sai dai a ce "da muna yara". Da wannan ba a iya tunkarar gwamnati, ba a kuma iya gane ko guba ce, ko masu sayar da sassan jikinta, ko sare manyan itatuwa.

An fara toshe wannan kafa. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos ta ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane yanki kimanin kilomita tara a tsaye tara a kwance, mai sa kai ya shafe aƙalla awa biyu yana rubuta abin da ya gani a manhajar waya. Akwai tawagar matasan Arewa a cikin aikin. A ƙasar da ke da nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma rashin tsaro ya rufe dazuzzuka da dama, tsakar gida da makaranta da bakin kasuwa su ne wuraren da ƙirga ba ta buƙatar rakiyar soja.

Batun ajiye ruwa kuwa, lissafinsa a nan ya bambanta da na Ingila ta fuska uku. Ruwan saye ake yi, kuma a bazara ne farashin jarka ke tashi, daidai lokacin da tsuntsun ya fi buƙata. Amma kofi biyu a fasasshen kasko ya isa, a inuwa, da ɗan dutse a ciki don ƙanana su samu wurin tsayawa, nesa da inda kyanwa ke laɓewa. Ragowar ruwan buta ko na wanke gero ya wadatar, ban da mai sabulu ko gishiri.

Na biyu sauro. Yana iya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, don haka kaskon da aka manta da shi ya zama gonar zazzaɓi. Na uku kaji. A Najeriya an tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, kuma har yau tana dawowa. Gidan da ake kiwo, bai kamata kaji da tsuntsayen daji su sha a mazubi ɗaya ba.

Manomin shinkafa a Hadejia ko Argungu zai ce shi dai a raba shi da wannan zance, kuma yana da hujja. Jan baki na iya share gona cikin yini, gwamnatoci na kashe kuɗi a yi musu feshi da jirgi. Sai dai shi ma jan bakin labarin ruwa ne. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun canja yadda ambaliya ke shiga fadamun Hadejia da Nguru. Ciyawar kacalla ta mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe wa masunta da manoma, ta zama masaukin jan baki. Fadamun da tsuntsayen Turai ke sauka, su ne dai waɗanda manomin ke noma.

Abin da ya fi kasko tasiri shi ne itace, kuma ba kowane itace ba. Masanan ƙasar Holan da suka shafe shekaru suna ƙirga tsuntsaye a kan itatuwan Sahel sun tarar cewa masu ƙaura sun taru ne a kan 'yan nau'o'i kaɗan, irin su gawo da aduwa da asuwaki da dangin ƙaya. Darbejiya da turare, waɗanda muka cika birane da su saboda saurin girma, kusan fayau suke. Gawo kuwa yana fitar da ganye ne da rani, lokacin da sauran suka kaɗe, daidai isowar baƙin. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka koma barin tsiron itatuwa a gonakinsu tun shekarun 1980, har aka kiyasta sun farfaɗo da kadada miliyan biyar, sun yi ne don amfanin gona da makamashi da abincin dabbobi. Tsuntsayen sun ci albarkacinsu.

A birane kuma akasin haka ake yi. Sabon gida a Kano ko Kaduna, da an gama gini sai a sare itacen da aka tarar, a malale tsakar gida da siminti ko intalok daga bango zuwa bango. Ruwan sama ya gudu kwata maimakon ya nutse, mai haƙa rijiyar burtsatse ya ƙara zurfi, gidan ya ƙara zafi. Ingila ma ta faɗa wannan rami: wani binciken ƙungiyar masu lambu ta ƙasar a 2015 ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na filayen ƙofar gida an dabe su gaba ɗaya, galibi don ajiye mota.

Hukumar muhalli ta Ingila ta yi gargaɗi a 2025 cewa idan ba a tashi tsaye ba, nan da 2055 ƙasar za ta riƙa samun giɓin lita biliyan biyar na ruwan sha a kowace rana. Gwamnati ta yi alƙawarin sababbin ma'ajiyoyin ruwa tara kafin 2050, kuma ana kan gina wata a Havant Thicket da ke kudancin ƙasar. Kafin a kammala su, dokar tiyo za ta ci gaba da dawowa duk shekarar da ruwan Maris da Afrilu ya yi ƙaranci.

Tsuntsayen da suka ƙyanƙyashe a irin waɗannan shekaru suna barin Turai a Agusta da Satumba. Zuwa Oktoba, waɗanda suka tsallake hamada sun fara sauka a Dagona da Baturiya da gaɓar Komadugu Yobe, a daidai lokacin da ake yankan gero.